Jirgin Janwen da Wuta Ta Kasa Cinyewa: Nazarin Lamarin J.C. Ames a Tafkin Michigan

Abin da nazarin ya ƙunsa

Wannan nazari ya bi sawun wani jirgin ruwa na katako mai injin tururi, wanda aka ƙera a garin Manitowoc na jihar Wisconsin a Amurka a shekarar 1881, aka kwance masa inji aka cinna masa wuta a bakin garin a 1923, sannan ragowarsa ta sake bayyana a ruwa marar zurfi a watan Mayu na 2025. Jirgin janwe ne, ba ya ɗaukar kaya a cikinsa, aikinsa kawai jan wasu jiragen da ba su da inji. Matsalar da masu shi suka yi ta fama da ita daga hannu zuwa hannu ita ce samo masa kayan da jansu zai biya kuɗin kwal da albashin ma'aikata da gyaran katako, bayan da cinikin da aka yi shi dominsa ya fara ja da baya. Daga baya kuma matsalar ta koma ta yadda za a rabu da gangar jirgi mai tsawon ƙafa 160 wadda babu mai saye.

1871 zuwa 1881: yadda buƙatar ta taso

Tafkin Michigan ɗaya ne daga cikin manyan tafkuna biyar na Arewacin Amurka, kuma ruwansa ba na gishiri ba ne. A arewa maso yammacinsa akwai mashigin Green Bay, inda Kogin Menominee yake zubowa a tsakanin garuruwa biyu masu fuskantar juna, Marinette a Wisconsin da Menominee a jihar Michigan. A ƙarni na 19 dazuzzukan da ke bayan waɗannan garuruwa cike suke da dogayen itatuwa masu laushin katako, irin wanda magina suka fi so. Da hunturu ake sare su, idan ƙanƙara ta narke a turo gumaguman ta kogi har bakin tafki, inda injinan tsaga katako suke jere. Babbar kasuwar kuwa tana can kudu, a Chicago, domin daga nan ne jiragen ƙasa suke kwasar katako zuwa filayen noma na yamma inda itace ya yi ƙaranci. Ranar 8 ga Oktoba 1871 gobara ta cinye babban ɓangare na Chicago, kuma a wannan rana wata gobarar daji ta shafe garin Peshtigo da ke kusa da Marinette, ta kashe mutane fiye da 1,200. Sake gina Chicago ya ƙara wa cinikin katako ƙarfi na shekaru masu yawa.

Da farko jiragen da iska ke turawa ne suke wannan dako, amma suna da aibi biyu: tafiyarsu tana hannun iska, kuma kowanne yana buƙatar matuƙa da yawa masu kula da filafilai. Saboda haka 'yan kasuwa suka koma ga tsarin janwe, inda inji ɗaya yake jan jiragen dako da dama a jere, kowanne ɗaure da na gabansa da igiya mai kauri. Tsarin ya yi kama da kan tirela da bodinta, domin jirgin janwe yana iya ajiye waɗanda ya kawo a tasha ana sauke su, ya ɗauki waɗanda aka riga aka sauke ya juya, ba tare da injin mai tsada ya zauna jiran leburori ba. Wannan yana da muhimmanci a tafkin da ƙanƙara take rufe tasoshinsa na arewa watanni da dama a kowace shekara, ta yadda ribar shekara duka dole a same ta tsakanin Afrilu da farkon Disamba.

A kan wannan lissafi ne kamfanin ƙera jirage na Rand & Burger da ke Manitowoc ya gina jirgin a 1881, aka raɗa masa suna J.C. Perrett. Tsawonsa ƙafa 160 ne, kimanin mita 49, an kashe dala 50,000 wajen yin sa, kuma injinsa yana da ƙarfin doki 670. Injin irin wanda yake amfani da tururi sau biyu ne: tururin yana fara shiga ƙaramar silinda da matsi mai yawa, sannan ya wuce babbar silinda ya ƙarasa aikinsa da ragowar matsin, abin da yake rage cin kwal a doguwar tafiya. Domin a gane girmansa, a wannan shekarar kamfanin ya gina wani jirgin janwe mai suna Arctic don aikin cikin tasha da fasa ƙanƙara, wanda tsawonsa bai kai rabin na Perrett ba. An lissafa Perrett cikin jiragen janwe mafiya girma da ƙarfi a tafkunan a zamaninsa, kuma yana iya jan jiragen dako biyar maƙare da katako a tafiya ɗaya.

1881 zuwa 1895: shekarun katako

A wannan zango babu wata matsala ta lissafi. Katako kaya ne da ba ya lalacewa don an yi jinkirin kwana ɗaya ko biyu, ba ya nutsewa da sauƙi, kuma yana fitowa daga wuri ɗaya zuwa kasuwa ɗaya da yawan da zai cika jirage biyar a kai a kai. Sai dai dajin da ake sara ba a sake shuka shi. An fara da itatuwan da ke kusa da koguna, sannan aka riƙa nisa, kuma layukan dogo da suka kutsa cikin dajin suka fara kwasar katako kai tsaye zuwa yamma ba tare da an bi ta tafki ba. Zuwa tsakiyar shekarun 1890 alamun ƙarewar wannan ciniki sun bayyana a yankin Kogin Menominee, alhali jirgin bai wuce shekara 14 ba, kuma injinsa yana da sauran aiki mai yawa a gabansa.

1895 zuwa bayan 1906: gwajin jan taragun jirgin ƙasa

Mafita ta farko da aka gwada ta fito ne daga harkar jirgin ƙasa. Tafkin Michigan ya tokare hanyar layukan dogo da ke son wucewa daga gabas zuwa yamma, don haka dole su zagaya ta Chicago, inda cunkoso yake riƙe tarago kwanaki. A 1892 kamfanin jirgin ƙasa na Ann Arbor ya fara ɗora taragu a kan jirgin ruwa yana tsallakar da su daga Frankfort a gaɓar gabas zuwa Kewaunee a gaɓar yamma, a 1897 kuma wani jirgi na ƙarfe mai suna Pere Marquette ya fara irin wannan aiki tsakanin Ludington a gaɓar gabas da Manitowoc a gaɓar yamma. Waɗannan jirage suna da injinsu, taragun suna cikin rufaffen ciki, kuma faɗin tafkin suke ketarawa, tafiyar da ba ta wuce 'yan sa'o'i.

A 1895 aka kafa kamfanin Lake Michigan Car Ferry Transportation Company, wanda yake da alaƙa da ƙaramin layin dogo na Wisconsin & Michigan. Wannan layi yana son kai kayansa Chicago ba tare da ya dogara da manyan kamfanonin da suke da layukan da ke bin gaɓar tafkin ba. Tsarin sabon kamfanin ya bambanta da na sauran ta fuska biyu. Maimakon jirage masu inji, ya gina manyan jiragen dako guda huɗu na katako masu buɗaɗɗen sama, aka shimfiɗa musu layin dogo a kai, aka sa musu lambobi daga 1 zuwa 4, kowanne ya haura ƙafa 300 a tsawo. Maimakon ketare faɗin tafkin kuma, sai ya bi tsawonsa, daga tashar Peshtigo zuwa Kudancin Chicago, tafiyar da ta haura kilomita 350. Kamfanin ya sayi J.C. Perrett, aka sauya masa suna zuwa J.C. Ames, sannan aka haɗa shi da wani sabon jirgin janwe na ƙarfe mai suna S.M. Fischer.

Wahalhalun tsarin sun bayyana da wuri. Tarago mai kaya yana da nauyi, kuma nauyin yana sama da saman jirgin, ba a cikin cikinsa ba, don haka idan igiyar ruwa ta bugi jirgin daga gefe yana tangaɗi fiye da wanda aka loda wa katako. Buɗaɗɗen sama yana barin ruwa ya shiga. Mashigin Green Bay yana daskarewa da hunturu, jirgin janwe da ke jan kaya a bayansa kuwa ba shi da halin fasa ƙanƙara kamar jirgin da nauyinsa da injinsa suke wuri ɗaya. Bugu da ƙari, hanyar tana tafiya ne kafaɗa da kafaɗa da layukan dogo na kan tudu, waɗanda suke aiki rani da damina, ba ruwansu da iska.

A watan Nuwamba na 1900 jirage masu lamba 3 da 4 suka nutse a Tafkin Erie kusa da Long Point cikin guguwa, lokacin da S.M. Fischer yake jan su da lodin itacen yin takarda. Kasancewarsu a wani tafki suna dakon wani kaya dabam ya nuna cewa aikin taragun bai ishe su ba. Ranar 29 ga Satumba 1906 kuma J.C. Ames ya iso Chicago cikin iska mai ƙarfi yana jan jirgi mai lamba 2, wanda yake ɗauke da taragu 28, wasunsu cike da ma'adinin ƙarfe. Jirgin dakon ya riga ya sha ruwa a hanya. Bayan sun shiga bayan katangar da ke kare tashar daga igiyar ruwa aka saki igiyar ja, ba da daɗewa ba jirgin ya kife da taragunsa, mutum uku daga cikin ma'aikatansa suka mutu. Daga baya aka ja gangar tasa zuwa cikin tafki aka fasa ta da nakiya domin kada ta tare hanya. 'Yan shekaru kaɗan bayan wannan aka daina jigilar gaba ɗaya. Jirgi mai lamba 1 ya koma dakon wasu kayan, shi ma ya ƙare a Tafkin Huron a watan Nuwamba na 1918.

Shekarun ƙarshe na aiki: itacen yin takarda

Mafita ta biyu ta fi dacewa da yanayin jirgin. Masana'antun takarda sun yawaita a bakin Kogin Fox, a garuruwa irin su Neenah da Appleton da Green Bay, kuma suna buƙatar ƙananan itatuwan da masu tsaga katako suka raina a da. Irin wannan itace yana zuwa ne daga nesa a arewa, mai arha ne, kuma babu mai gaggawar isowarsa muddin za a tara abin da zai kai masana'anta ƙarshen hunturu. J.C. Ames ya koma wannan aiki a hannun wasu masu jiragen janwe, ya ci gaba da shi har ya tsufa.

Tsufan jirgin katako mai inji yana da tsari sananne. Ana gina irin waɗannan jirage ne da itace mai tauri, ana haɗa allunan da manyan ƙusoshin ƙarfe, ana cusa zaren igiya da kwalta a tsakaninsu. Girgizar inji tana sassauta ƙusoshi, zafin tukunyar tururi yana busar da katakon da ke kusa da ita, ruwan sama da ke tsiyaya daga sama yana ruɓar da haƙarƙarin jirgin daga ciki, kuma doguwar ganga tana lanƙwashewa a hankali, gaba da baya su sunkuya, tsakiya ta ɗago. Kowane ɗayan waɗannan yana gyaruwa, amma gyaran yana buƙatar dogayen katakai masu tauri da kafintocin jirgi, kuma dukansu biyu sun yi ta raguwa. A Manitowoc ɗin kanta, tun 1902 babban filin ƙera jirage ya koma hannun sabon kamfanin da ya karkata ga ƙarfe.

1923: kwancewa da ƙonawa

Da jirgin ya kai shekara 42, aka yanke shawarar ajiye shi. Inji da tukunyar tururi suna da daraja, ko dai a ɗora su a wani jirgin ko a sayar wa masu sayen tsohon ƙarfe, don haka aka cire su a Manitowoc. Gangar katakon ce ta zama kaya. Barin ta a bakin kogi yana cin wurin da jirage masu aiki suke buƙata, kuma tun 1899 dokar tarayya ta hana a bar jirgi ya nutse a hanyar da jirage suke bi. Wargaza ta da hannu kuwa aikin makonni ne, kuma katakon da zai fito cike yake da ƙusoshi da kwalta, ba zai mayar da kuɗin aikin ba.

Abin da aka saba yi a tasoshin tafkunan a lokacin shi aka yi. Aka ja gangar zuwa wajen tashar, a mashigin da ake kira Maritime Bay a arewacin garin, aka cinna mata wuta. Mutanen gari sukan fito kallon irin wannan ƙonawa, domin tsohon katako da ya sha kwalta da mai shekaru arba'in yana ci da wuta sosai. Amma wuta iyakarta saman ruwa. Abin da ke ƙasa da layin ruwa, wato ƙashin bayan jirgin da ƙananan haƙarƙarinsa da allunan ƙasa da farfelarsa, ya zauna a kan yashi. Shekara bakwai bayan haka, a 1930, aka kwance Arctic shi ma aka yasar da shi a arewacin wannan tasha.

1923 zuwa 2025: ƙarƙashin yashi

Gaɓar tafkin a wannan yanki yashi ce mai motsi, wanda igiyar ruwa take kwashewa daga wani wuri ta jibge a wani. Ragowar jirgin ta binne, wurin kuma ya ɓace wa mutane. Abubuwa uku suka taimaka wa katakon: sanyin ruwan, rashin tsutsar da ke huda katako a ruwan gishiri, da kuma yashin da ya hana iska isa gare shi.

A cikin waɗannan shekaru matsayin irin wannan tarkace ya sauya a idon doka. Dokar tarayya kan jiragen da aka yasar, wadda aka sanya wa hannu a 1988, ta mallaka wa jihohi tarkacen da ke binne a ƙasan ruwansu, kuma dokar Wisconsin ta hana cire wani abu daga cikinsu. A 2018 aka sanya ragowar Arctic cikin kundin wuraren tarihi na ƙasar Amurka. A 2021 kuma hukumar NOAA, mai kula da harkokin teku da yanayi a Amurka, ta ayyana wani yanki na tafkin mai faɗin murabba'in mil 962 a matsayin keɓaɓɓen wurin kare jiragen da suka nutse a gaɓar Wisconsin, da tarkace 36 da aka sani a lokacin, kuma ruwan Manitowoc yana ciki.

Halittun tafkin ma sun sauya. A ƙarshen shekarun 1980 wasu ƙananan halittun ruwa masu ɓawo biyu, waɗanda asalinsu yankin Bahar Aswad ne a gabashin Turai, suka shigo tafkunan ta ruwan da manyan jiragen teku suke ɗiba don daidaita nauyi. Nau'in da ake kira kwaga ya mamaye Tafkin Michigan, yana manne wa duk wani abu mai tauri da ke fili a ƙarƙashin ruwa. Suna tace ruwan ya yi garau, abin da ya sa ake hango tarkace daga sama fiye da da, amma suna lulluɓe katako har a kasa ganin yadda aka haɗa shi.

Mayu 2025: ganowa da tantancewa

Ranar 13 ga Mayu 2025 wani mai kamun kifi yana cikin ƙaramin jirginsa a arewacin katangar tashar Manitowoc, cikin hazo, sai ya lura da jerin katakai a ƙarƙashinsa a zurfin ƙafa 9, wato ƙasa da mita 3. Ya kai rahoto, kuma masu binciken kayan tarihi na ƙarƙashin ruwa daga Ƙungiyar Tarihi ta Wisconsin suka je wurin. Tantancewar ba ta dogara da suna a jikin jirgi ba, domin duk inda za a rubuta suna ya ƙone tun 1923. An gwada tsawon gangar da irin gininta da bayanan jiragen da aka san an yasar a mashigin, kuma ga farfela mai faɗin fiye da ƙafa 10, wadda ba za a samu a ƙaramin jirgin janwe na cikin tasha ba. Rashin inji da tukunya ya dace da labarin kwancewa. Bisa waɗannan aka bayyana cewa J.C. Ames ne.

Masu binciken sun lura cewa halittun nan masu ɓawo ba su kama katakon ba, abin da ya nuna cewa bai daɗe da fitowa daga yashi ba, kuma ana danganta hakan da guguwar hunturun da ya gabata. Ƙungiyar ta bayyana aniyar neman a sanya wurin cikin kundin wuraren tarihi. Saboda rashin zurfinsa, mai ƙaramin kwale-kwale ko mai iyo da gilashin ido yana iya ganinsa a ranar da ruwa ya lafa, ba tare da kayan nutso ba.

Hukunci

Idan aka auna matakan da aka ɗauka ɗaya bayan ɗaya, jan katako da jan itacen takarda sun yi nasara saboda dalili ɗaya: kaya ne masu yawa, masu arha, masu haƙurin jira, kuma nauyinsu yana kwance a ƙasa. Jan taragu ya gaza ne ba don jirgin ya rasa ƙarfi ba, sai don an ɗora masa kayan da ke buƙatar ƙayyadadden lokaci a duk shekara, a kan hanyar da ba ta rage wa kowa nisa. Jiragen da suka ketare faɗin tafkin sun yi aiki shekaru da dama, har ma ɗayansu, Badger, yana nan yana zirga-zirga tsakanin Manitowoc da Ludington da injin tururi, ko da yake motoci da fasinjoji yake ɗauka yanzu. Game da hatsarin 1906, a ganin wannan nazari babban laifin yana kan tsarin da ya sa aka fito da buɗaɗɗen jirgi mai nauyi a sama cikin tafki a ƙarshen Satumba, kafin a zo ga shawarar sakin igiya, wadda aka yanke a lokacin da jirgin ya riga ya sha ruwa.

Ƙonawar 1923 ta biya buƙatar masu jirgin, domin ta fitar da gangar daga tasha da kuɗi kaɗan, amma ba ta kawar da ita ba, ta dai cinye samanta ne. Yanzu da yashi ya janye, katakon yana fuskantar ƙanƙarar hunturu da bugun igiyar ruwa da halittun da za su lulluɓe shi, kuma a zurfin ƙafa 9 babu dokar da za ta hana ɗaya daga cikinsu. Ciro shi ba mafita ba ce, domin katakon da ya sha ruwa shekara ɗari yana tsagewa ya ruɓe idan ya bushe ba tare da doguwar kulawa mai tsada ba, kamar yadda ya faru da jirgin Alvin Clark da aka ciro daga Green Bay a 1969, ya lalace a kan tudu har aka rushe shi a 1994. Abin da ya rage a hannun masu bincike shi ne aunawa da zanawa da ɗaukar hoton kowane haɗi na katakon, musamman wajen da aka kafa inji da inda sandar farfela ta ratsa, tun kafin ɓawo ya rufe su ko yashi ya dawo.